Kyamarar Waya Ta Iya Ƙarya: Darasi Daga Masu Sayar Da Zaren Ulu Rinin Hannu

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe kasuwanni, farashin ɗanyen ulu ya faɗi warwas a Birtaniya, har kuɗin da makiyayi ke samu daga ulun tunkiya ɗaya bai kai ladan wanda ya yi mata aski ba. Wasu makiyayan suka jibge shi a rumbu, wasu suka bar shi ya ruɓe ya zama taki, wasu ma suka cinna masa wuta. Kuma askin dole ne, domin tunkiyar ulu in ta shekara ba a rage mata shi ba, zafi da tsutsar ƙuda za su illata ta.

To amma a wannan ƙasar dai, dunƙule ɗaya na zaren ulu da aka rina da hannu, mai nauyin giram 100 kacal, ana sayar da shi daga fam 15 zuwa 25. Wannan tazarar ce ta sa ƙananan gonakin tumaki a Birtaniya da Amurka suka canza lissafi. Maimakon su miƙa ɗanyen ulu ga dillali, sai su kai shi ƙaramar masana'anta a wanke a kaɗa, su dawo da zaren gida su rina a tukunya, su ɗauke shi hoto da waya, su sa a Instagram ko Etsy.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda tumakin Arewa irin su 'Yankasa da Balami da Uda gashi gare su, ba a samun ulun saƙa a jikinsu. Abin da ya haɗa su da mai karatu shi ne wayar da ke hannunsa. Waɗannan mutane launi suke sayarwa, kuma sun gano tun da wuri cewa kyamarar waya ba ta faɗin gaskiya a kan launi. Duk wanda ke tallar shadda, atamfa, mayafi ko yadin rini a WhatsApp yana cikin wannan matsalar, ya sani ko bai sani ba. Matsayar wannan rubutun ɗaya ce: ga mai sayar da kaya masu launi, hoton da ya fi kayan kyau asara ne, ko da ya tara dubban masu danna alamar so.

Abin da ya sa launi ya zama rai da mutuwa a wannan sana'ar

Ƙaramar gona sau ɗaya take samun ulu a shekara. In an wanke shi, maiƙo da datti su fita, nauyinsa ya ragu sosai. Abin da ya rage shi ne jarin shekarar gaba ɗaya, ba a iya bugo waya a ce a ƙaro wani kafin askin baɗi.

Shi kuma rinin hannu ba ya maimaituwa daidai. Tukunya ɗaya 'yan dunƙulaye kaɗan take ɗauka a lokaci guda. Yawan zafin wuta, yawan ruwan tsamin da aka zuba don launin ya kama, irin ruwan da aka yi amfani da shi, har da irin tunkiyar, duk suna canza sakamako. Tumakin Shetland na arewacin Sikotilan kaɗai an san su da manyan launuka 11 na halitta, daga fari zuwa ruwan toka, ruwan ƙasa da baƙi. Rini ɗaya in ya hau farin ulu daban yake fitowa, in ya hau mai ruwan toka daban. Shi ya sa ake rubuta lambar tukunya a jikin takardar kowane dunƙule.

Yanzu a duba ɓangaren mai saye. Rigar sanyin babban mutum takan ci dunƙule huɗu ko biyar na siririn zare, wato kusan fam 100, sannan a shafe makonni ana saƙa ta da hannu. Mace ta ga ja mai duhu a waya, ta biya, aka kawo mata abin da ya fi kama da ruwan goro. Ko dai ta mayar da kayan, mai gona ya yi asarar kuɗin aike, ko ta rubuta ƙorafi a shafinsa. Masu saƙa kuma suna da majalisarsu, dandalin Ravelry da aka kafa a 2007, inda suke sa hoton abin da suka saƙa da sunan zaren da suka yi amfani da shi. Labarin mai sayarwar da hotonsa bai dace da kayansa ba baya daɗewa bai zaga ba.

Ga kuma kuɗin dandali. Etsy tana karɓar santi 20 kan kowane kaya da aka jera, kuma a watan Afrilun 2022 ta ɗaga kasonta daga kashi 5 zuwa kashi 6.5 cikin ɗari na kowane ciniki. A cire kuɗin kaɗi, kayan rini, kwali da wannan kaso, za a ga ribar ba ta da kaurin da za ta jure kayan da ake ta dawowa da su.

Inda wayar ke murɗa launi

Mutane da yawa suna ɗauka kyamara tana kwafe abin da ke gabanta ne kamar madubi. A gaskiya manhaja ce ke yin hasashe a matakai da dama.

Na farko, na'urar da ke karɓar haske a kyamara ba ta ganin cikakken launi a kowane ɗigo. An jera mata matatai ne bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976: rabin ɗigogin suna ganin kore, kwata suna ganin ja, kwata suna ganin shuɗi. Sauran bayanin lissafi ne ke cike shi. Launuka irin su shunayya da ja mai ƙarfi sun shahara wajen ba kyamarori wahala. Shunayya takan fito shuɗi, jan kuma ya haske har ƙirar zaren ta ɓace.

Na biyu, daidaita fari. Waya ba ta san wane irin haske ne a ɗakin ba, sai ta yi ƙiyasi. Ɗaya daga cikin tsofaffin dabarun wannan lissafi shi ne a ɗauka cewa in an cakuɗa dukkan launukan da ke cikin hoto, ruwan toka za a samu. Wannan yana aiki a hoton titi ko taron biki. Amma in an cika fuskar kyamara da jan zare zalla, manhajar tana iya zaton haske ne ya yi ja, sai ta shiga gyara abin da bai lalace ba. Haka ma wajen auna haske: kaya mai shuɗi mai duhu sai waya ta ɗauka wurin ne ba haske, ta ƙara masa, ya fito shuɗi mai haske.

Na uku, ƙawatawa. Kamfanonin waya sun san mai saye a shago yakan zaɓi wayar da hotonta ya fi ɗaukar ido, don haka suke sa manhajar da ke gane abinci, fure ko sararin sama ta ƙara musu kaurin launi. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya samu karɓuwa a Afirka har da dalilin saita kyamarorinsa su fito da fuskar baƙar fata da kyau, kuma wannan aiki ne da ya cancanci yabo. Sai dai yana tabbatar da cewa kowace kyamara akwai abin da aka horar da ita ta kyautata, kuma fuskar mutum ce a sahun gaba, ba zare ko yadi ba.

Na huɗu, matse hoto. Tsarin JPEG da aka saba amfani da shi yakan adana bayanin haske cikakke, ya rage na launi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, domin idon ɗan Adam ya fi lura da haske. WhatsApp da Instagram kuma su sake matsewa don rage cin data. Zaren da aka yi wa yayyafin launuka ƙanana-ƙanana sai ya iso wurin mai saye a dame.

Na biyar, fuskar wayar mai kallo, wadda mai sayarwa ba shi da iko a kanta. Ma'aunin launi na sRGB da HP da Microsoft suka fitar a 1996 shi ne ginshiƙin yawancin hotunan intanet, amma tun daga iPhone 7 a 2016 Apple ta koma Display P3 mai faɗin launi fiye da shi. Wayoyin Samsung suna da saitin Vivid da Natural, kuma hoto ɗaya daban yake fitowa a kowanne. Ga masu kunna saitin kare ido da dare, wanda ke mayar da komai ruwan ɗorawa-ɗorawa. Ko da duk wannan ya daidaita, akwai idon mutum: a watan Fabrairun 2015 duniya ta rabu biyu kan hoton wata riga, wasu na rantsuwa fari da ruwan zinare ce, wasu na cewa shuɗi da baƙi.

"Amma hoto mai sheƙi shi ke kawo ciniki"

Wannan ita ce hujjar masu zuba wa hoto filta, kuma ba a banza suke faɗa ba. A cikin ɗaruruwan hotunan da yatsa ke wucewa a kansu, wanda ya fi haske shi ke tsayar da ido, kuma dandalin yakan ƙara tura abin da mutane suka tsaya a kansa. Mai gaskiyar hoto zai iya ganin maƙwabcinsa mai filta ya fi shi mabiya.

Sai dai mabiya daban, masu dawowa saye daban. Gonar da ke da 'yan ɗaruruwan dunƙulaye a shekara ba ta buƙatar mutum miliyan su gani. Tana buƙatar mutum ɗari ko ɗari biyu da za su saya bana, su dawo baɗi, su kawo ƙawayensu. Filta tana kawo cinikin farko, ta kashe na biyu da na uku. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a cinikin intanet ranar da kaya suka isa hannun mai su ake kaiwa ƙarshen ramin. A Najeriya har abin ya zama wasan barkwanci a soshiyal midiya, mutum ya jera hoton abin da ya yi oda da na abin da aka kawo masa. Kowane irin wannan hoton, akwai ɗan kasuwar da sunansa ya ɓaci a bayansa.

Yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira ta sa kowa zai iya samar da hoton kaya mai kyawun da babu shi a duniya cikin daƙiƙa kaɗan. Idan kyawun hoto ya zama kyauta ga kowa, daraja za ta koma ga wanda aka san hotonsa da kayansa abu ɗaya ne.

Abin da ƙwararrun cikinsu ke yi

Babu ɗaya daga cikin dabarun nan da ke buƙatar sabuwar waya. Suna ɗaukar hoto da hasken rana a inuwa ko kusa da taga, ba a tsakiyar rana ba, kuma ba sa haɗa hasken ƙwan lantarki da na rana. Ba sa kunna filashi. Suna ajiye farar takarda ko kati mai ruwan toka kusa da kayan, don manhajar ta samu abin da za ta auna da shi, mai kallo ma ya gane in fuskar wayarsa ta karkata. Suna kashe saitin ƙawata hoto, su shiga sashen Pro na kyamara su tsayar da ma'aunin fari da hannu. In za su gyara hoto, zaren yana hannunsu, suna gyarawa ne har hoton ya koma kamarsa, ba don ya fi shi ba.

Bayan haka sai su duba hoton a waya biyu ko uku, har da mai araha. Su nuna dunƙulayen tukunya ɗaya a jere don a ga bambancin da ke tsakaninsu. Su ƙara gajeren bidiyo ana juya zaren a haske. Su bayyana launin da kalmomi, misali ja ne mai duhu da ya karkata ga ruwan ƙasa, kuma a waya yakan fito da haske fiye da yadda yake. Wasu ma sukan aika ɗan katin samfuri da guntayen zare a jiki kafin a yi babban oda. Ga mai tura hoto ta WhatsApp, akwai maɓallin HD da aka ƙara a 2023, kuma tura hoton a matsayin fayil ya fi kiyaye ingancinsa.

Wannan darasin ya fi shafar masu rini na gida. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, darajarta tana cikin zurfin shuɗin baba, wanda tsomawa da shanyawa sau da yawa ke kai shi kusa da baƙi. Wannan shi ne ainihin irin launin da waya ke haskewa ta mayar da shi shuɗin kanti. Matashin da ya ɗauki nauyin tallata kayan mahaifinsa ko na maigidansa a intanet, in bai san wannan ba, da hannunsa zai rage wa kayan daraja.

Kamfanonin waya ma akwai nasu alhakin. Miliyoyin mutane a Afirka wayarsu ce shagonsu. Yadda aka yi saitin hoton dare da na gyaran fuska, ya kamata a samu saitin hoton haja a fili, maɓalli ɗaya da zai kashe duk wata ƙawatawa ya tsayar da launi yadda yake. Masu rubuta manhaja na gida ma ga ƙofa a buɗe: ƙaramar manhajar da za ta gane farar takarda a cikin hoto ta daidaita launi da ita ba ta fi ƙarfin mai koyo mai himma ba.

Kafin a samu hakan, akwai gwajin da kowane mai sayarwa zai iya yi yau kafin ya sa hoto a status: ya ɗora wayar kusa da kayan a hasken rana, ya kira wani da bai san komai a kai ba ya tambaye shi ko launi ɗaya yake gani. In ya yi jim kafin ya amsa, a sake ɗaukar hoton.