Mabiya Mormon da Dokar Aure a Amurka

Akwai abin lura a tarihin mabiya cocin Mormon, mai hedkwata a jihar Yuta ta Amurka.

A ƙarni na 19 sukan auri mace fiye da ɗaya. Gwamnatin tarayya ta ɗaure mazajensu, ta ƙwace dukiyar cocin, har shugabansu Wilford Woodruff ya dakatar da al'adar a 1890. Wato sun ɗanɗani ɗacin hukuma ta tsoma hannu cikin sha'anin aurensu.

Amma duk da haka, a 2008 suka zuba kuɗi da ƙarfinsu don a haramta auren jinsi ɗaya a Kaliforniya. Suka yi rinjaye a ƙuri'a, kotu ta rushe haramcin, kana a 2015 Kotun Ƙoli ta halatta wannan aure a ƙasar baki ɗaya. A 2022 kuwa, cocin ya goyi bayan dokar majalisa mai kare auren, saboda ta hana a tilasta wa majami'u ɗaura shi. Koyarwarsa cewa aure na namiji da mace ne tana nan daram.

Wasu na cewa ja da baya ne. A ganina hangen nesa ne, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Rinjayen ƙuri'a yau naka, gobe na wani. A ƙasa mai addinai barkatai, dokar da ta hana a tilasta maka ta fi dokar da kake tilasta wa maƙwabcinka ɗorewa.