Kafin jar fitila ta kama: tsofaffin motocinmu na buƙatar allura mai aiki

A hutun da ya wuce na raka Kawuna ɗaukar masara a tsohuwar a-kori-kurarsa, Peugeot 504 da ta girme ni nesa ba kusa ba. Muna kan hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, bayan la'asar, sai wata 'yar jar fitila ta kama a gaban sitiyari. Na ce, "Kawu, ga fitila can ta kawo ja." Ya ce, "Rabu da ita ɗana, haka take yi in ta ga dama." Ba mu yi nisa ba injin ya fara ƙara kamar ana daka a turmi, ya mutu murus. Awa biyu muka yi a bakin titi muna waige-waige kafin Allah ya kawo wanda ya ja mu. Duk ɗan ƙasar Pauwa ya san abin da tsayuwar awa biyu a wannan hanya ke nufi, hanyar da a 2021 gwamnatin Katsina ta rufe wa motocin haya saboda matsalar tsaro.

Tun ranar nake ta tambayar kanikawa da direbobi, kuma abin da na fahimta shi ne yawancinmu, har da masu ɗora bidiyon mota a TikTok, ba mu san me wannan fitila ke faɗa ba. Mun ɗauka gargaɗi take yi tun da wuri. A gaskiya sai ɓarna ta kusa gamawa take magana.

Ga yadda abin yake. Baƙin mai ba zama yake yi a cikin injin ba, famfo ne ke tura shi da ƙarfi zuwa ƙarafan da ke gugar juna. Injin mai lafiya, in ya yi zafi yana tafiya, ƙarfin turin yakan kai bar 2 zuwa 4. Ita kuwa fitilar, wani ɗan makunni ne ke kunna ta, kuma a yawancin motoci ba ya motsi sai ƙarfin ya faɗo wajen rabin bar ko ƙasa da haka. Wato daga 3 zuwa 2, daga 2 zuwa 1, duk fitila shiru take, alhali ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Da allura ce a gaban direba, da tun makonni kafin nan zai ga tana sauka kaɗan-kaɗan, ya kai gareji da ƙafarsa. A Amurka, inda kamfanin Hudson ya fara sa fitilu a madadin allura tun shekarun 1930, har sunan raini masu mota suka laƙaba musu, wai fitilar wawaye.

Haka zancen zafi. Ruwan lagireto yakan zauna tsakanin digiri 85 zuwa 95 in komai lafiya. Direban da ke da allura zai ga tana hawa lokacin da ya ɗauko kaya ya hau gangare a zafin watan Afrilu, sai ya rage wuta ko ya tsaya a gari na gaba, cikin mutane. Wanda ba shi da ita sai ya ga tururi daga bonet, lokacin kuwa wataƙila gaskit ya riga ya ƙone. Batir ma haka: in mota a kashe take, cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6, in tana aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Ka ga allura ta tsaya a 12 injin na gudu, ka san caji ya tsaya, ka lissafa inda za ka kwana tun rana ba ta faɗi ba.

Wani zai ce to mene ne na damuwa da tsofaffin motoci, ai zamaninsu ya wuce. Wanda ya faɗi haka bai je tasha ranar kasuwa ba. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma sai a 2006 aka daina ƙera 504 a Najeriya. Abin da Turawa ke gogewa su kai baje kolin motocin tarihi, mu nan shi ke kai hatsi Funtuwa, shi ke kai dabbobi kasuwar Sheme, shi ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa zuwa asibiti. Ga kuma tsofaffin Golf da suka cika tashoshinmu. Waɗannan motoci sun zo da allurar zafi da ta fetur, amma leƙa gaban direba ka gani: wata ta kwanta tun shekarun baya, wata an cire mata waya, wata kuma hoto ko sitika aka manna a kanta.

A nan ne laifinmu yake. Fitila ta dame ka, sai ka kai wa mai wayarin ya cire ƙwan, kamar mara lafiyar da ya fasa ma'aunin zafi don kada a ce yana da zazzaɓi. Mu matasa kuma da muka gaji motocin nan daga iyaye, ko muke tuƙa su haya, kuɗin farko da ya shigo sifika muke saye da fitilu masu walƙiya da baƙin gilashi. Ban ce kwalliya laifi ba ce. Amma wanda ya iya sayen sifika zai iya sayen agogo uku: na ƙarfin baƙin mai, na zafin ruwa, na batir. Ana samun su a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin sauke injin ba.

Sai dai a yi aikin da hankali, don agogon ƙarya ya fi rashin agogo haɗari. Na farko, kowane agogo yana da abin aunawarsa da ake ɗaurawa a jikin injin, kuma dole su zama 'yan gida ɗaya. In aka haɗa agogon wani kamfani da ma'aunin wani, allura za ta motsa amma lissafin banza take bayarwa. Na biyu, agogon baƙin mai iri biyu ne: mai amfani da waya, da mai siririn bututu da ke kawo man har gaban direba. Mai waya ya fi aminci, don in bututun nan ya fashe, mai mai zafi zai watsu a ƙafarka, injin kuma ya zubar da mansa. Na uku, a sa fiyus a wayar, kada gyara ya zama gobara. Na huɗu, in ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya, allurar zafi kan iya yaudara domin babu ruwan da za ta auna, saboda haka duba lagireto da safe, kafin a tada mota, yana nan daram. Kada kuma a buɗe murfinsa injin na da zafi.

Abu na ƙarshe, kuma nan na saɓa da wasu kanikawa: kada a cire fitilar don an sa agogo. Direba ba zai zura wa allura ido ba alhali yana kauce wa ramuka, amma jan haske yana fizgar ido nan take. Akwai ɗan mahaɗi mai baki biyu da ake ɗaurawa a inda makunnin yake, ya ɗauki na fitila da na agogo tare. Allura ta gaya maka abin da ke tafe, fitila ta tsayar da kai in abin ya zo ba zato. In kuwa ta baƙin mai ta kama kana tafiya, kashe injin a wuri mafi kusa da za ka iya tsayawa, kada ka ce bari in ƙarasa.

Kira na ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: kamar yadda ake duba taya da birki, a riƙa duba ko allurar zafi na aiki kafin a ba mota layi. Mu fasinjoji kuma, musamman mai zama gidan gaba, ka saba kallon gaban direba kamar yadda kake kallon cajin wayarka. Ba ka yarda ka fita da waya ba ka san kashi nawa ya rage ba, to don me za ka yarda da motar da ba wanda ya san halin da injinta ke ciki?

Kawu dai ya sayar da buhunan masara kafin a tada masa injin. Yanzu agogo uku ne a gabansa, kuma shi ke nuna wa abokansa yadda ake karanta su. Allah ya kiyaye mana hanyoyinmu, ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa.