Wai Sai Mai Kuɗi Ne Zai Kwana a Daji?

Tunda hawa dutse da kwanan daji suka zama yayi a wajen samarin Abuja da Jos, aka samu wasu malaman kaya. Da ka ce za ka fita, sai su zazzage maka sunaye: rigar Gore-Tex, tantin The North Face, takalmin da kuɗinsa ya kai na akuya. Wai araha ba ta ado. To, ado aka je yi dajin?

Ku nemo labarin Emma Gatewood. A 1955, tana da shekara 67, uwar 'ya'ya 11, ta taka hanyar duwatsun Appalachian ta Amurka ita kaɗai, daga jihar Jojiya har Maine, sama da kilomita 3,000, cikin kwana 146. Kayanta? Takalmin kambas na Keds, bargon soja, jakar da ta ɗinka da hannunta, sai labulen banɗaki na leda da take kare ruwan sama da shi. Ko tanti ba ta ɗauka ba. Gore-Tex kuwa sai bayan shekara 20 ya shigo kasuwa. Ta kuma sake tafiyar a 1957. Ta sha wuya, kambas ɗin sun yi ta yagewa tana sauyawa, wani daren ma sai da mutanen hanya suka ba ta masauki. Amma ta isa.

Abin da masu talla ba sa so a faɗa shi ne, yawancin ƙarin kuɗin nan rashin nauyi kake saya. Tanti mai tsada ya fi sauƙin goyo, ya kuma fi daɗewa. Wanda zai yi wata biyar da kaya a gadon baya, wannan ya dame shi. Kai da mota za ta sauke ka a Yankari ka yi kwana biyu, ina ruwanka da bambancin kilo ɗaya? (Haka wasunmu a nan suke jiran kwamfuta kafin su fara littafi, alhali biro na aljihu.)

Kada dai a ce na ce komai na araha lafiya ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tantin araha ta ɗinki yake yoyo, sai zif da sandunan da iska ke karyawa. Jakar barci ta banza kuwa, lambar sanyin da aka buga a jikinta ba abin dogaro ba ce, kuma sanyin duwatsun Shere da hunturu ba ya wasa. A nan ne kuɗi ke da amfani: abin da zai hana ka jiƙewa da abin da zai hana ka daskarewa. Su ma gwanjo na biyan buƙata. Kafa tantin a tsakar gida, ka sheƙa masa bokiti biyu, ka shiga ka duba. Tocila, tukunya, tabarma da cokali kuwa, na kasuwar unguwarku sun isa.