Gidajen Giya Na Suleja: Hani A Takarda, Ciniki A Lungu

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Anaca ko Fatakwal da ya taɓa shiga motar dare ta hanyar Lakwaja zai je ganin gida, ya san wurin nan da a ke wuce Zuba, dutsen Zuma ya bayyana ƙiƙam a gefen titi, fasinjan da ke gyangyaɗi ya farka ya ce alhamdu lillahi, an shigo Jihar Neja. Daga nan har mararrabar Suleja matafiyi ji ya ke yi kamar ya riga ya iso. Amma in direba ya tsaya shan mai, mutum ya sauka neman shayi, to zai ga abin da ba a cika ba shi labari ba in an bugo masa waya daga gida. A kan teburin mai tireda, tsakanin alewa da ashana da sigari, ga barasa nan a ƙunshe cikin 'yan ledoji kamar man shafawa, kuɗinta bai kai na kofin shayin da ya ke nema ba. Mai sayenta kuwa sau da yawa ɗan acaɓa ne ko yaron mota wanda ko gemu bai fara ba.

Hukuncin giya a addinin Musulunci ba abin gardama ba ne. Haramun ce, kaɗan ɗinta da mai yawanta, kuma ikilisiyoyin Kirista na Arewa da dama su ma sun hana mabiyansu ita. Wannan fagen malamai ne da masu wa'azi, suna kuwa bakin ƙoƙarinsu. Abin da ya rage na masu mulki ne. Tun da akwai masu sha a Suleja, jiya akwai su yau ma akwai su, a wane irin wuri su ke sha, me a ke zuba musu, alhakin dubawa kuma a wuyan wa ya ke? Amsar da gwamnatoci suka yi shekara da shekaru suna bayarwa ita ce a rubuta hani a takarda a kau da kai. Da haka aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago.

Suleja ba ta taɓa zama garin ƙabila ɗaya ba. Sa'ad da jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ƙasar Gwari da Koro ya nufo, ya sauka a Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja kuma shi ya kafa birnin a 1828, aka kira shi Abuja. Waɗanda suka zo da sarauta Musulmi ne. Manoman da suka tarar, watau Gwarawa, masu kiran kansu Gbagyi, suna da tasu al'ada, a cikinta kuwa har da burukutu: da ita a ke sallamar 'yan gayya a gona, da ita a ke biki, da ita a ke makoki. Haka aka zauna fiye da shekara ɗari, birni da sha'aninsa, ƙauye da nasa.

Wanda bai taɓa ganin dahuwar burukutu ba ya kan ɗauka tarkace ne a ke haɗawa cikin yini guda. Ba haka ba ne. Aikin kusan mako ne, na mata ne kuma, uwa ta koya wa 'yarta. Jar dawa a ke jiƙawa ta kwana, a tsame ta a shimfiɗa a inuwa a rufe da ganye ko buhu, ana yayyafa mata ruwa safe da maraice har kwana uku ko huɗu ta yi tsiro. Sa'an nan a shanya ta a rana, a niƙa, a dama da ruwa a bari ya kwanta, a tsiyaye na sama a ajiye, a dafa na ƙasa, a mayar a haɗa su, a bar ƙullun ya kwana ya yi tsami. Kashegari a sake ɗora shi a wuta awoyi masu yawa, a tace, a bari ya huce, kana a zuba masa ɗan ragowar tsohuwar giya don ya tashi. Wadda aka tace sosai ta yi ruwa-ruwa ita ce fito, mai kauri ja-ja mai tsami kuwa ita ce burukutu. Ƙarfin maye a cikinta bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba, kuma ba ta ajiyuwa, kwana ɗaya ko biyu ta zama ruwan tsami sai zubarwa.

Wannan rashin ajiyuwa shi ya tsara halin gidan burukutu na dā. Mai gidan ba ta da ikon ɓoye sana'arta, don kuwa tun daga nesa a ke hango hayaƙin murhunta. Ranar dahuwarta sananniya ce, in randa ta ƙare kuma taro ya watse. Masu sha maƙwabtanta ne, ta san uban kowa da matar kowa, ta san wanda in ya wuce ƙwarya uku sai faɗa, ta san wanda ba a ba shi bashi. In giyarta ta ɓata wa mutum ciki ba sai an kai ƙara gaban kowa ba, mako mai zuwa bencinta zai kasance wayam. Tukwanen ma na ƙasa ne, ginin matan Gwari, irin ginin nan da ya sa Bature Michael Cardew ya zaɓi Abuja ya kafa makarantar tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, har daga bisani hotonta ya hau takardar Naira 20.

Kada mai karatu ya zaci ana wanke gidan burukutu ne. Magidanta da yawa a kan bencin nan rumbunsu ya ƙare tun damina ba ta faɗi ba, matansu na gida suna zaman jiran cefane. Ga ƙuda, ga ƙwarya ɗaya ta zaga baki goma, ga ruwan da ba a san rafin da aka ɗebo shi ba. Da zamani ya juya kuma, itace ya yi tsada, dawa ta yi tsada, sai tukunyar ƙasa ta ba da wuri ga durom na ƙarfe wanda ba mai iya faɗin abin da ya fara ɗaukowa daga kamfani, wasu kuma suka shiga ƙara garin rogo don auki. Duk da haka ɓarna ce mai fuska da suna da adireshi. Hukuma in ta so, ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Turawa ma sun gane wannan bambanci. Bisa yarjejeniyar da manyan ƙasashen Turai suka ƙulla a Beljiyam a 1890, Gwamna Lugga ya haramta shigo da barasar fatauci Arewa, alhali a Kudu harajinta na cikin manyan abubuwan da ke cika baitulmali. Giyar gargajiya kuwa ba a yi mata wannan hani ba a ƙasashen da ba na Musulmi ba. Ta kwalba daga baya ta zo: an fara yin Star a Ikko a 1949, aka buɗe masana'antarta ta Kaduna a 1963. Abin mamaki, da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin nan dawa suka koma wa, watau hatsin da tsohuwar Gwari ta gada daga kakarta. Manomin Arewa da ya sayar da dawarsa ga dillali bai san kwalbar da za ta ƙare a ciki ba, kamar yadda mai gidan da ya raba Maltina ranar suna bai cika tunawa da cewa daga kamfanin Star ta fito ba.

Abin da ya birkita Suleja shi ne maƙwabtaka da sabon babban birni. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar barin Ikko, tsohuwar Abuja ta ba da ƙasa ta ba da suna, ta ɗauki sunan Suleja daga Sarki Sulaimanu Barau. Leburori da magina da direbobin da suka gina birnin a Suleja da yawansu suka kwana. Da gwamnati ta tare a 1991 ƙananan ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu suka biyo baya, rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 da korar 'yan acaɓa daga tsakiyar birnin a 2006 suka ƙara turo wasu dubbai Madalla da Suleja. Jama'ar kowace jiha, yawancinsu samari marasa iyali a kusa, masu karɓar kuɗin yini a hannu. Otal-otal da mashaya suka tsiro don su, da firji da janareto da farfesu da kiɗa. Mai sayarwa bai san mai sha ba, mai sha bai san na kusa da shi ba.

A 2000, zamanin Gwamna Abdulkadir Kure, Jihar Neja ta shiga sahun jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a, aka kuma taƙaita sayar da giya. Niyya ce mai kyau, kuma jama'a da yawa sun yi murna. Amma a Suleja dokar ta haɗu da abin da takarda ba ta iya gyarawa: daga Madalla zuwa Zuba tafiyar 'yan mintoci ce, Zuba kuwa ƙasar Tarayya ce, dokar Minna ba ta aiki a can. Mai kuɗin mota ya tsallaka ya sha ya dawo. Marar kuɗin mota ya nemi abin da ke shiga aljihu. Randar burukutu ba ta ɓoyuwa, katan ɗin kwalabe ma da wuya, amma leda ko 'yar robar barasa mai ƙarfin kashi 30 ko 40 cikin 100 tana shiga aljihun ɗan makaranta ba wanda ya sani. Bayanta kuma ga maganin tari mai kodin, wanda sai a 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana, ga tiramadol. Waɗannan ba su da wari ma balle uba ya ji a bakin ɗansa.

Mazauna Kudu sun fi kowa sanin ƙarshen abin sha da ba mai dubawa. A watan Afrilu 2015 kusan mutum 20 suka mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo, a watan Yuni na shekarar kuma kimanin 70 a Jihar Ribas, duk daga ogogoron da ke ɗauke da gubar metanol, wadda kan makantar da mutum kafin ta kashe shi. Irin wannan jarka ba ta da tambari, motar da ke kawo manja da goro Arewa kuwa ba ta ƙin ɗaukarta. Hukumar NAFDAC ta yi shelar fara hana barasar leda da ta ƙananan robobi a farkon 2024, masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka tayar da ƙura, aka shiga ja-in-ja da ɗage wa'adi.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa wannan magana ta shafi ɗan Arewa da ke Agege ko Sabo ko Shagamu kai tsaye. Da yawa daga masu otal da kantunan giya a Suleja mutanen Kudu ne, baƙi ne a can kamar yadda shi ma baƙo ne a nan. A ƙarshen 2023 labari ya bazu a jaridu cewa daga ranar 1 ga Janairu 2024 an hana sayar da giya a Suleja, ba a jima ba Gwamna Umaru Bago ya fito ya ce shi bai ba da wannan umurni ba. Ashe a gari mai girman Suleja, ɗan kasuwa na iya kwana bai san ko sana'arsa halal ce a idon doka ko laifi ce ba. Inda doka ta zama haka, cin hanci ne ke mulki: mai ba da na goro ya buɗe, wanda ya ƙi a kwashe masa kaya. Labarin kwashe kayan baƙo kuwa kafin gari ya waye ya isa Anaca, ya ƙaru da gishiri a hanya. Waɗanda suka ga abin da ya auku a Aba da wasu garuruwan Gabas a watan Fabrairu 2000, bayan rikicin Kaduna, ba su bukatar a gaya musu a kan wa irin wannan fushi kan sauka. Mai sayar da albasa da mai yankan farce da mai gadi, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, su ne a bakin titi.

Saboda haka wajibi ne Majalisar Dokokin Jihar Neja ta fito fili. In hani ne gaba ɗaya a Suleja, a faɗa da babbar murya, a ba da wa'adi, a buga shi da Hausa da Turanci da Gwari da Nufanci, a zartar a kan mai otal mai hawa uku kamar yadda za a zartar a kan tsohuwa mai randa ɗaya, a kuma nema wa matan nan abin yi, tun da ƙwarewarsu ta tsirar da dawa abu ne da kamfanonin lemo ke saye da kuɗi. In kuwa an san ba za a iya ba, kuma alamu na shekara ashirin da wani abu sun nuna haka, to a shata wuraren da aka yarda, nesa da masallaci da coci da makaranta, kowane gida da lasin mai ɗauke da sunan mai shi a manne a bango, da lokacin rufewa. A maido da duba-gari, ya leƙa durom, ya tambayi inda aka ɗebo ruwa, ya ɗauki samfurin abin da ke cikin jarka ya kai a auna. Wanda ya sayar wa yaro a ƙwace lasinsa. Tashar mota kuwa, inda direban da zai ɗauki rayuka goma sha takwas zuwa Kaduna ke tsayawa, ko leda ɗaya bai kamata a gani a kan tebur ba, wannan kam ba ya jiran wata muhawara tsakanin Musulmi da Kirista.

Sarakunan Hausawa na Kudu da shugabannin 'yan kasuwar Mile 12 da Bodija suna da baki a wannan magana fiye da yadda su ke zato. 'Yan siyasar Arewa sun san hanyar Agege da Sabo sarai in zaɓe ya matso. Ranar da na Neja suka zo neman goyon baya, a zaunar da su a tambaye su wace doka ce ke aiki a kan giya a Suleja, wa ke zartar da ita, kuma a wace shekara duba-gari ya yi shigarsa ta ƙarshe gidan burukutu.