Filin Kimiyya: Baƙuwar Cuta Ta Fi Ɓarna

A shekarar 1957 masunta na gaɓar tekun Delaware, a gabashin Amurka, suka wayi gari kawarsu tana mutuwa. Kawa kuwa ita ce halittar ruwan nan mai ɓawo biyu, dangin ƙumba da makankari, wadda Turawa suka ɗauka abincin marmari, har suna kiwonta a bakin teku kamar yadda ake kiwon kifi a tafki. Kafin shekara biyu, fiye da kashi 90 cikin ɗari na kawar da ke wurare masu gishiri sosai ta halaka. A 1959 annobar ta gangara kudu zuwa Chesapeake.

Da masana suka duba naman kawar da madubi mai ƙara girman abu, sai suka ga wata 'yar halitta kewayayya wadda ba su taɓa gani ba, tana zaune a jikin kawar tana ci daga gare ta, tamkar kaska a jikin saniya. Don rashin sanin asalinta suka laƙaba mata suna MSX. Harafin nan na X alamar abin da ba a sani ba ne. Sai a shekarar 2000 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa daga Asiya ta fito, a jikin kawar tekun Pasifik. Abin mamaki shi ne, a can gida ba ta yi wa mai ɗauke da ita wani lahani mai yawa. Da ta sami baƙon jiki wanda bai saba da ita ba ne ta zama ajali.

Irin wannan ne ya sami Faransa. A 1968 wata ƙwayar cuta mai suna Marteilia ta ɓulla a gaɓar arewa maso yammacin ƙasar, ta kama hanjin kawa. A 1979 sai ga wata, Bonamia, mai shiga cikin ƙwayoyin jini, watau dakarun da ke kare jikin kawar. Masu bincike sun bi sawunta har Kalifoniya, inda aka sayo irin kawa. Cututtukan nan biyu suka mai da abin da ake samu na kawar gargajiya ta Faransa daga wajen tan 20,000 a shekara zuwa ƙasa da tan 2,000.

To, me ya sa masana suke ta faman tantance ire-iren waɗannan ƙwayoyi? Dalili na fari, ba a yi wa kawa allurar rigakafi irin ta dabbobi, ba kuma a zuba wa teku magani. Na biyu, kowace ƙwaya da halinta. MSX ba ta jure ruwa mai ƙarancin gishiri, saboda haka mai kiwon da ya gane ita ce ke damunsa yana iya matsawa kusa da bakin kogi. Wata kuma mai suna Dermo, wadda aka bayyana a 1950, da farko an zaci naman gwari ce, daga baya aka gane ba haka ba ne. Ita zafi ke ƙara mata ƙarfi. Waɗannan cututtuka ba su kama mutum, amma suna kashe sana'arsa.

Har ila yau maganar ba ta ƙare ba, don kuwa a 2024 an sami MSX a tsibirin Prince Edward na Kanada.

Makiyayan ƙasar nan sun san wannan darasi tun tuni. Cutar bushiya ta shigo Afirka ne a 1887 tare da shanun da aka kawo Eritiriya, ta ratso har ƙasar Hausa ta share garkuna, ba a tabbatar da kawar da ita daga duniya ba sai a 2011. A yankin Neja Delta kuwa akwai gidaje masu yawa da ke cin abinci daga kawar da ke manne a saiwoyin itatuwan bakin teku. Duk ranar da aka yi niyyar shigo da baƙon iri don bunƙasa wannan sana'a, wajibi ne a killace shi a bincika shi tukuna. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani, balle inda maganin ma babu shi.