A Tsare Harsashi Kafin A Ƙawata Fuskar Gida

Ya Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin masu gina gidajensu da guminsu a Samaru da Sabon Gari a Zariya. Duk wanda ya zaga Hayin Dogo ko Muciya ko Dogarawa a ƙarshen damina zai ga sababbin gidaje, rufi mai tsada, ƙofar ƙarfe mai ado, amma daga gindin bango zuwa gwiwar mutum fenti ya kumbura, filasta tana zubowa, wani farin gishiri ya feso. Ba laifin mai fenti ba ne. Ciwon yana cikin layukan bulon da aka binne aka manta da su.

Bulon siminti da yashi yana tsotsar ruwa kamar lagwanin fitila. Zariya kuwa tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa cikin 'yan watanni, ya fi tsanani a Agusta, kuma unguwannin da ke gangaren kogin Kubanni ƙasarsu tana daɗewa a jiƙe. Saboda haka bulon harsashi ya zama mai inci tara, wanda aka yi wa ban-ruwa na aƙalla mako guda, ba wanda aka buga jiya ba. Idan ka murza gefensa da yatsa ya zube, an yi masa rowar siminti, kada ya shiga ƙasa. A cike ramukansa da kankare, ba da ɓaraguzai ba. A shafe bayansa da filasta, a bi da kwalta sau biyu kafin a mayar da ƙasa. Sannan a ɗaga ginin aƙalla inci shida sama da tsakar gida, har ma da titin gobe, domin ranar da aka yi hanya da lambatu ƙasa za ta tashi. A nan ake shimfiɗa leda mai kauri, bakin wata ya hau kan wata, kafin a zuba kankaren daɓe.

Za a ce siminti ya yi tsada, mai albashi kuwa da ƙyar yake tara buhu-buhu. Gaskiya ne. Amma taga da tayil da silin duk suna jiran albashin baɗi, harsashi kuwa sau ɗaya ake ganinsa. Wanda ya rage buhu a ƙasa zai mayar da su a filastar da zai riƙa sakewa, ga warin danshi a ɗakin da yara ke kwana. Masu manna tayil a gindin bango kuma sun rufe ciwon ne kawai: ruwan sai ya ƙara hawa ya fito a saman tayil ɗin. Wasu kuma kan ce kakanninmu ba su san leda ba. Sun dai san ruwa, shi ya sa suke shafe soro da makuba, suke sa indararo mai jefa ruwa nesa da gini, suke yaɓe kafin damina.

Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da sassan koyar da gine-gine a cikinta, bai kamata maginansa su riƙa aiki da ka ba. Ina kira ga jami'ar da hukumar tsara birane ta KASUPDA su shirya wa birkiloli da masu buga bulo bita da Hausa. Kai kuma maigida, ka tsaya a kan aikinka ranar da za a rufe harsashi.

Wassalam.

Mai karatu,
Samaru, Zariya