Ruwa da mai a kwalba ɗaya: ina haɗarin yake?



Ranar Litinin wata baiwar Allah ta shigo kantin maganin da nake aiki a nan garin Lafiya, goye da jaririya, riƙe da kwalba. Ƙasan kwalbar ruwa ne mai ƙamshin fure, samanta kuma mai ne ruwan ɗorawa. Ta ce, "Anti, duba min wannan. Maƙwabciyata ce take haɗawa, tun shigowar sanyi muke shafawa ni da yarinyar, yanzu ga ƙuraje sun feso mata a wuya." Na ɗaga kwalbar a haske. Daidai inda ruwan ya haɗu da man, ga wani farin yauƙi yana lilo. Da na buɗe, ƙamshin har ya fara juyewa zuwa tsami.

Irin wannan haɗi, wanda ake girgizawa kafin a shafa, ya yi tashe a wajen mata masu sana'ar man shafawa a gida, kuma ba na kushe sana'ar. Kamfanoni ma suna yin irinsa, musamman na goge kwalliyar ido. Dabarar tana da ma'ana, domin fata na buƙatar ruwa don ta yi laushi, tana buƙatar mai don ya tare ruwan kada iskar hunturu ta kwashe shi.

Ruwa da mai ba sa cuɗanya, duk mai girki ta san haka daga yadda manja yake tasowa saman miya. Idan aka girgiza, man yana farfashewa ya zama ƙananan ɗigo, bayan ɗan lokaci ya sake tattaruwa a sama. Man shafawa fari mai kauri da muke saya shi ma ruwa ne da mai, sai dai an sa masa sinadarin da ke ɗaure su, mai kama ruwa ta gefe ɗaya, mai ta ɗaya gefen, kamar yadda sabulu yake yi. Akan ɗumama ɓangarorin biyu zuwa wajen digiri 70 kafin a gauraya. Saboda haka rabuwar da kike gani a kwalbar girgizawa ba alamar lalacewa ba ce, haka aka tsara ta.

Matsalar tana cikin ruwan. Man kaɗanya zalla, ko man riɗi irin wanda muke da shi a wadace a Nasarawa, zai yi watanni bai kama ƙwayar cuta ba, domin ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa inda babu ruwa. Iyaka ya yi ɗoyin tsohon mai. Amma da zarar an zuba ruwa, musamman idan an ƙara zuma ko ruwan kokwamba ko madara, to an girka wa ƙwayoyin cuta abinci ne, kuma a zafin Lafiya kwana kaɗan ya ishe su. Tafasa ruwan yana kashe waɗanda ke ciki a ranar, ba ya hana waɗanda za su shiga gobe daga hannu ko murfi. Mafi muni, haɗin zai iya gurɓacewa tun kafin ido ya ga canji ko hanci ya ji wari.

Da na tambayi matar ko maƙwabciyar tana sa maganin hana lalacewa, sai ta ce ai tana matsa bitamin E a ciki. Wannan kuskure na sha jin sa. Bitamin E yana jinkirta ɗoyin mai ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Abin da ake buƙata shi ne sinadarin adanawa na ainihi, irin fenoksi-etanol, wanda ba a wuce kashi 1 cikin 100, kuma da ma'auni ake auna shi, ba da cokalin shayi ba. Wadda ba ta da wannan, gara ta tsaya ga mai zalla. Firji ma, da wutar nan tamu mai zuwa ta ɗauke, ba abin dogaro ba ne.

Ga mai saye kuma, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Kwalbar da ba ta da rubutu kada ta kusanci ido ko ciwo ko fatar jariri, balle wasu masu haɗin suna matsa maganin ƙaiƙayi mai ƙarfi a ciki don ya haska fata, ba tare da sun faɗa ba.

Matar nan na ce ta zubar da kwalbar, ta kai yarinyar asibiti a duba wuyan. Ita kuma na ba ta shawarar da nake bi a gidana: idan kin fito wanka kada ki goge jiki ƙaraf, ki bar shi da ɗan danshi, ki murza man kaɗanya ko na riɗi a tafin hannu ki shafa nan take. Ruwan yana jikinki, man yana kwalbarsa, a kan fata za su haɗu.